JIRGIN SAMA KO NA ƘASA? MUTUMIN BULUMKUTU MA YA CANCANCI A BA SHI ZAƁI

Duk lokacin da hutun 'yan makaranta ya gabato, ko kuwa Salla ta matso, akan ji magana guda a bakin masu ɗan hali daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, watau ina za a kai iyali su sha iska na kwana uku ko huɗu, kuma ta wace hanya za a kai su. Wani ya ce Kwatano, wani ya ce Ankara ta ƙasar Gana, wani ya ce shi dai Umra zai kai uwargida da yara. Wanda ya baro iyalinsa a Yerwa kuwa, a Bulumkutu ko Gomari ko Gwange, zuciyarsa takan karkata zuwa Injamena, inda yake da dangi ko abokan ciniki tun zamanin da ake kiran garin Fallomi.

A ƙasashen da suka ci gaba, magidanci yakan zauna da takarda da alƙalami ya auna jirgin sama da jirgin ƙasa, sa'an nan ya ɗauki wanda ya fi masa. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, in dai tafiyar iyali ce, kuma nisan bai wuce na awa uku ko huɗu a dogo ba, to, jirgin ƙasa ya fi. Amma abin baƙin ciki, mutumin Bulumkutu ba shi da ikon bin wannan shawara, domin an ɗauke masa ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Dalilin haka, da abin da ya kamata mu yi a kai, shi ne abin da muke so mu tattauna da masu karatu yau.

YADDA AKE LISSAFIN

Kuskuren da yawancin matafiya ke yi shi ne su dubi awannin da aka rubuta a jikin tikiti su ce tafiyar ke nan. Alhali kuwa tafiya tana farawa ne daga ƙofar gida, ba ta kuwa ƙarewa sai an ajiye kaya a masauki. Filin jirgin sama galibi a bayan gari yake. Mai fita waje ana bukatar ya iso filin da kamar awa uku kafin tashi, a auna kaya, a duba fasfo da katin rigakafin shawara, a caje shi, a caje yara. In ya sauka a can ma sai ya bi layin shige da fice, ya jira jakunkuna, ya wuce kwastan, sa'an nan ya nemi motar da za ta shigar da shi gari. Ashe ke nan tafiyar da aka ce ta awa ɗaya ce ta cinye awa shida ko fiye. Ga mai hutun kwana huɗu, zuwa da dawowa sun kwashe masa yini biyu, ya rage da biyu. Tashar jirgin ƙasa kuwa a tsakiyar gari take, rabin awa kafin tashi ya ishi mutum, in ya sauka kuma cikin gari ya sauka.

Na biyu shi ne kuɗi. Jirgin sama kawuna yake ƙirgawa. Duk yaron da ya cika shekara biyu sai an saya masa kujerarsa. A ce magidanci da matarsa da 'ya'ya huɗu, kujera shida ke nan a zuwa, shida a dawowa, goma sha biyu cif. In ko mai mata biyu ne, to, sai dai ya bar wasu a gida, kowa kuwa ya san abin da wannan ke haifarwa. Daɗin daɗawa ga awon kaya, wanda in mutum ya ɗara abin da aka yanka masa sai ya biya. Bahaushe kuwa ba ya zuwa gidan dangi hannu rabbana, ba ya kuma dawowa ba tsaraba.

Na uku shi ne halin yara da tsofaffi. A jirgin sama an ɗaure yaro a kujera, kunnensa na ciwo in za a sauka, uwa na fama, sauran fasinja na harara. A tarago kuwa yaro zai miƙe ƙafa, ya leƙa taga ya ga gona da kogi da gari, a buɗe ƙunshin guzuri a ci tare, tsohuwa ta kishingiɗa. Ga yaro, hanyar kanta wani sashe ne na hutun. Yaron da ya tashi a Agege bai taɓa ganin yadda kurmi ke rikiɗewa ya zama fili ba, bai ga gadar Jebba ko ta Makurɗi ba, to, yaya za a yi ya fahimci girman ƙasar ubansa daga cikin gajimare?

Ba mu ce jirgin sama ba shi da ranarsa ba. In nisa ya yi yawa, kamar daga Ikko zuwa Jidda ko Alƙahira, ba a ma maganar zaɓi. Haka kuma mai gaggawa, ko mai kai majinyaci, ko ɗan kasuwar da zai je ya dawo shi kaɗai. Jirgin sama abokin mutum ɗaya ne mai sauri, na ƙasa kuwa shi ne abokin mai iyali.

ABIN DA DUNIYA TA GANO

Wannan lissafi duniya ta riga ta yi shi. Tun 1994, da aka buɗe hanyar da aka haƙa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, mai tsawon kilomita 50, mutumin Landan yana shiga jirgin ƙasa da iyalinsa ya sauka a tsakiyar Paris. A yau tafiyar ba ta kai awa biyu da rabi ba. A watan Mayu na 1994 aka yi bikin buɗe hanyar, a watan Mayu na 2023 kuwa Faransa ta zartar da dokar da ta hana jiragen sama jigilar fasinja a wasu hanyoyi na cikin gida inda jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi, kamar daga filin Orly na Paris zuwa biranen Lyon da Nantes da Bordeaux.

Kada wani ya ce ai wannan sha'anin Turawa ne. A 2018 ƙasar Maroko ta buɗe jirginta mai gudu da ake kira Al Boraq, wanda ya mai da tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka awa biyu da minti goma, alhali a da tana cin kusan awa biyar. A shekarar nan dai Saudiyya ta buɗe jirgin Haramaini, kilomita 450 daga Makka zuwa Madina ta Jidda, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, yana kuma da tasha a cikin filin jirgin saman Jidda. Alhazanmu da masu Umra da yawa sun shige shi, sun ga yadda tafiyar da kan gajiyar da tsofaffi a bas ta koma ta awa biyu da ɗoriya. Makka ba ta da filin jirgin saman fasinja, saboda haka wanda ya tashi daga Madina ta sama sai ya sauka Jidda, ya sake neman mota. Ga mai iyali, a nan jirgin ƙasa ba shi da abokin takara.

A nahiyarmu ma akwai dogon da ke tsallaka iyaka. Tanzaniya da Zambiya sun haɗu da layin TAZARA mai kilomita 1,860 tun tsakiyar shekarun 1970. Habasha, wadda ba ta da bakin teku, ta haɗu da Jibuti da sabon layi mai lantarki da aka ƙaddamar a 2016. Ko a gida, mazauna Ikko shaida ne. Tun da aka buɗe sabon layin Ikko zuwa Badun a watan Yuni na 2021, kilomita 157, mutum yana shiga a Ebute Metta ko Agege, ya ratsa Abeokuta, ya sauka Moniya cikin natsuwa. Wa zai ɗauki yara shida ya nufi filin jirgin sama don zuwa Badun?

HALIN DA BULUMKUTU KE CIKI

To, mu dawo Yerwa. Unguwar Bulumkutu tana bakin gari ne ta yamma, a kan hanyar da ta fito daga Damaturu da Kano, maƙwabciyar filin jirgin sama, wanda aka sa wa sunan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a 2023. Yaran unguwar sun saba da ƙarar jirgi tun suna goye. Amma nawa ne daga cikin iyayensu ke iya sayen kujera ko da guda? Ga lebura da mai gadi da mai yankan farce da ɗan acaba da ke neman na kansa a Ikko, jirgin da ke wucewa ta saman rufin gidansa gani ga ƙoshi ne, kwanan yunwa. Daga Ikko zuwa Maiduguri kamar awa biyu ne ta sama. Ta mota kuwa fiye da kilomita 1,500 ne, kwana da yini ko fiye, ga ramuka, ga shingaye, ga fargaba.

A da akwai hanya ta uku, ita ce kuwa ta talaka. A 1958 Nijeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, don aikin reluwe, wanda babban sashensa shi ne miƙa dogo zuwa Barno. Aka ɗauko shi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe da Bajoga da Buni, kimanin kilomita 640, ya iso Maiduguri a 1964, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan mutumin Barno ya sami damar shiga tarago a Iddo ya bi ta Ilori da Jebba da Minna da Kaduna da Kafancan, ko ya shiga a Fatakwal ya bi ta Aba da Inugu da Makurɗi da Lafiya, har ƙofar gida. Tafiyar tana cin kwanaki, ba a musu, amma mai faskila da mai gama-gari duk suna isa, da matansu da 'ya'yansu da buhunansu. Ta wannan hanya shanu da busasshen kifin Tafkin Cadi da wake suka riƙa gangarawa Kudu, goro da manja suka riƙa hawowa. Zangunan Hausawa da yawa a Kudu a gefen tasha suka girma.

Sannu a hankali sakaci ya ci Hukumar Reluwe, wadda aka kafa a 1955. Daga 1979 zuwa 1982 har sai da aka ɗauko Indiyawa su riƙe ta, ta ɗan farfaɗo, suna tafiya ta koma gidan jiya. Manyan motoci suka ƙwace kaya, taragu suka ruɓe a tasha, sa'an nan tashin hankalin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya zo ya ƙarasa abin da ya saura. Yau shekaru da yawa ke nan jirgin fasinja bai yi kuka a tashar Yerwa ba. Haɗarin dogara da hanya ɗaya kuwa ya fito fili a watan Disamba na 2013, lokacin da aka kai hari sansanin mayaƙan sama da ke jikin filin jirgin, jiragen fasinja suka daina sauka har zuwa 2015. A wannan tsakani attajiri da talaka duk hanyar Damaturu suka bi, kowa ransa a hannu.

BA LAYI KO ƊAYA DA YA ƘETARE IYAKA

Batun fita waje kuwa, a nan ne abin ya fi ban takaici. Nijeriya tana maƙwabtaka da Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, amma tun da aka fara shimfiɗa dogo daga Ikko a ƙarshen ƙarni na 19 ba a taɓa samun jirgin fasinja da ya ɗauki mutum daga nan ya ƙetare da shi iyaka ba. Dalilin a bayyane yake. Turawan mulki sun shimfiɗa layukansu ne daga gona da ma'adini zuwa bakin teku, don gyaɗa da auduga da fata da kuza da kwal su isa jirgin ruwa. Dogo ya isa Kano a 1911, Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk ya tsaya nesa da iyaka. Faransawa ma haka suka yi a nasu sashen: layin Kwatano ya tsaya a Faraku. Na Kamaru, wanda aka gama bayan 'yancin kai, ya tsaya a Ngaundere a 1974. Ƙasar Cadi kuwa ba ta da layin dogo sam. Zumuncin Bahaushe da Babarbare da Shuwa da Bafillace, wanda ya girmi iyakokin nan da ɗaruruwan shekaru, ba ya cikin lissafin masu zanen.

Dubi Injamena. Daga Maiduguri ta Dikwa da Gamboru Ngala da Fotokol da Kusuri, tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Da jirgi irin na Ikko zuwa Badun, iyali za su karya kumallo a Bulumkutu su yi sallar La'asar a bakin kogin Shari. Amma mai son zuwa can ta sama galibi sai ya fara juya wa garin baya ya nufi Abuja ko Ikko, ya kwana, ya sake shiga wani jirgi ya dawo ta saman gidansa. Hanyar mota kuwa ta sha rufewa da buɗewa gwargwadon halin tsaro. Wannan fa ita ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda kakanninmu suka bi ta Fallomi da Abashe da Junaina da Fashir, har su riski jirgin ƙasar Sudan da zai kai su bakin Bahar Maliya. Ƙasashen nan huɗu, Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, sun kafa Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, shekarar da dogo ya iso Yerwa. Shekara sittin da ɗoriya, ba a ƙara ko taku ɗaya zuwa gabas ba.

AMSA GA MASU SUKA

Za a ce jirgin ƙasa ba shi da tsaro, a kawo harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe mutane, aka sace wasu da dama, aka dakatar da zirga-zirga har Disamba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma uban da ya ji tsoron sa 'ya'yansa a tarago ba a ga laifinsa ba. Amma a tuna abin da ya sa jama'a suka yi wa jirgin nan cincirindo tun da aka buɗe shi a 2016: tsoron titi ne. Maganin ɓarawo shi ne a tsare hanya. Tsaron layi ɗaya da aka san inda ya bi, da lokacin da jirgi ke wucewa, ya fi sauƙi bisa tsaron dubban motoci da ke warwatse cikin dare.

Za a ce kuma kuɗin ya yi yawa. Ku da kuke zaune a Kudu kun sha jin wannan a wurin aiki da cikin mota, musamman game da layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284 ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Ana cewa don me za a kai wa wata ƙasa dogo? Amsar ita ce, kusan duk layin a cikin Nijeriya yake, ɗan guntu ne ya shiga Nijar. Kuma Nijar ba ta da teku. Duk kayan da ta sauke a tashar ruwan Apapa maimakon ta wata ƙasa, aikin yi ne ga mutanen Ikko, ciki har da masu sukar. Ran da aka gama shi, shi ne zai zama karo na farko da magidanci zai sayi tikitin jirgin ƙasa a Nijeriya ya sauka da iyalinsa a wata ƙasa. Abin da ya dace da Katsina da Maraɗi kuwa ya dace da Yerwa da Injamena.

A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3. A 2024 aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba, wanda bai wuce kilomita 62 ba. Kowa ya iya lissafi ya cire 62 daga 1,443 ya ga abin da ya rage. Bugu da ƙari, tsohon ƙaramin layi ne ake gyarawa, mai faɗin ƙafa uku da rabi, alhali Abuja da Kaduna da Badun da Warri sun sami babban layi na zamani. Mutanen Arewa maso Gabas suna da ikon su tambayi dalili, kuma tambayar ba rashin biyayya ba ce.

SHAWARARMU

Ga magidancin da ke shirin fita da iyali a wannan hutu, shawararmu a sarari take. In hutun kwana uku ne ko huɗu, kuma birnin na nesa ne, to, jirgin sama ne, tun da babu wani. A sayi tikiti da wuri, a nemi wanda ba ya yada zango a wata ƙasa, domin kwanan filin jirgi da yara azaba ne. A tabbata kowane yaro yana da fasfonsa da katin rigakafinsa, a kuma binciki ƙa'idar shiga ƙasar kafin a biya kuɗi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar zaman kwana 90 ba biza a ƙasashe irin su Benin da Togo da Gana, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, Cadi da Kamaru kuwa da ma ba sa cikinta. In an sauka a ƙasar da ke da jirgin ƙasa nagari, kamar Saudiyya ko Maroko, to, kada a sake sayen tikitin sama don zuwa gari na gaba. A shiga tarago, yara su gani da idonsu, don su taso da sanin abin da ya kamata su nema a ƙasarsu. In kuwa kuɗin kujeru zai cinye jarin da aka sha rana aka tara, to, a haƙura da ƙetare, a kai su Abeokuta ko Badun a jirgin ƙasa. Hutu ne, ba gasa ba.

Ga mu duka kuma akwai aiki. 'Yan Arewa mazauna Kudu su ne suka fi kowa asara da mutuwar dogo, domin su ne ke da gida biyu. Su ne kuma ke da murya biyu, ɗaya a mazaɓar da suke zaune, ɗaya a wadda suka fito. A kai maganar nan taron reshen jam'iyya na unguwa, a kai ta fadar Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, a kai ta ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mile 12 da na mahauta da na masu shanu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, a yi masa tambaya uku. Nawa aka sa wa layin Gabas a kasafin kuɗin bana, nawa kuma aka saki? Yaushe aikin zai taso daga ɓangaren Maiduguri da Gombe, maimakon a jira ya rarrafo daga Fatakwal? Wace magana ake yi da Kamaru da Cadi a kan miƙa shi zuwa Gamboru Ngala da Kusuri da Injamena? Jam'iyyar da ta ce ta talakawa ce, a irin wannan ake gane ta, mu kuwa da muke cikinta mu ya fi kamata mu fara tuna mata.

Shugabannin farko sun shimfiɗa kilomita 640 cikin kimanin shekara shida, lokacin da arzikin ƙasa gyaɗa ne da koko da auduga. Ba mu da hujjar da za mu gaya wa 'ya'yanmu cewa mun kasa gyara abin da muka gada. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, ya nuna mana ranar da magidanci a Bulumkutu zai zauna da takarda da alƙalami ya auna jirgin sama da na ƙasa, ya zaɓi wanda ya ga dama. Amin.